Makunnin sola da ka ƙera: me za ka iya yi wa takardar mallaka, me kuma ba naka ba ne

Tun da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agusta na 2023, aikin sola ya zama abincin yawancin masu gyaran wuta a Maraɗi. Wutar ta dawo daga baya, amma jama'a sun riga sun ɗanɗana. Pano ya hau rufin gidaje da shaguna da gidajen ƙanƙara, ya gangara har garaken bakin Gulbi inda ake jan ruwa da shi. Tare da shi kuma wata matsala ta shigo wadda da ba mu saba gani ba: makunni yana ƙonewa a hannun mai kashe shi. Ka buɗe akwatin ka tarar roba ta narke ta zuba, bakin jan ƙarfen ya yi baƙi ya cinye, wani lokaci har bango ya sha hayaƙi.

Matasa masu kai sun fara ƙera nasu, kuma ina murna da hakan ƙwarai. Kusan duk wanda ya kawo mini nasa shago, tambayarsa ɗaya ce: "Maigida, wannan zan iya yi masa takarda don kada a sace mini?" Amsata ita ce za ka iya, ɗana, amma ba a kan abin da kake zato ba. Babbar dabarar da ta burge ka, wato sa maganaɗisu ya ture wutar ko jera faranti su datsa ta, ta girmi kakanka, kuma ba ta kowa ba ce. Abin da zai iya zama naka ɗan ƙarami ne, wani tsari na musamman da ya warware wata matsala da za a iya aunawa. Aikin duka shi ne gano wannan ɗan ƙaramin, da kare shi kafin bakinka ya ɓata shi.

Sai ka fara sanin abin da kake kashewa

Wutar NIGELEC, kamfanin wutar Nijar, kai-da-komo take yi sau 50 a daƙiƙa, don haka sau 100 a kowace daƙiƙa tana ratsa sifiri. Idan ka raba bakunan makunni, harshen wutar da ya tashi a tsakaninsu yana mutuwa da kansa a sifirin farko, aikin makunni kawai ya hana shi sake kamawa. Wutar batir da ta pano, wadda ake rubuta DC a jikin kaya, miƙaƙƙiya ce, ba ta ratsa sifiri. Da zarar iskar da ke tsakanin bakunan ta yi zafi ta koma hanyar wuta, harshen zai tsaya yana ci. Shi ne ainihin abin da mai walda yake riƙe da shi a bakin sandarsa, zafinsa ya haura digiri 5,000, sai dai shi mai walda da gangan yake kunna nasa. A bakin azurfa ko jan ƙarfe, bolt 12 zuwa 13 da ƙasa da rabin ampa sun isa harshe ya tsaya. To ka duba rufin gidan ƙanƙara: pano ɗaya yakan ba da bolt 40 zuwa 50 idan ba ya ɗauke da kaya, ka jera goma ka kai wajen 450. Manyan tashoshi kuwa 1,000 ne ko 1,500.

Hanya ɗaya ce ake kashe shi: a tilasta wa harshen ya nemi bolt fiye da abin da pano ko batir zai iya bayarwa, sai ampa ya sauka zuwa sifiri. Kusan duk wata dabara da za ka gani a duniya wannan take yi. Wani ya ja harshen ya yi tsawo. Wani ya sanyaya shi, ya matse shi a siririn lungu tsakanin bangon tangaran ko robar da ke fitar da iska idan ta ji zafi. Wani ya datsa shi gunduwa-gunduwa da farantan ƙarfe, domin kowane giɓi tsakanin faranti biyu yana cin bolt 20 zuwa 30. Yi lissafin da kanka: giɓi goma ba su wuce bolt 300 ba, ba za su tare 450 ba. Shi ya sa za ka ga makatsin sola, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, mai ƙafa biyu ko huɗu an bi da waya ta cikinsu ɗaya bayan ɗaya, don giɓin ya taru. Wani kuma ya rufe bakunan a cikin tangaran cike da iskar haidirojin, kamar yadda ake yi wa motocin lantarki. Wani ya haɗa ƙarfe da kayan laturoni, wutar ta koma ta cikin taransisto na ɗan ƙiftawar ido har bakunan su rabu ba tare da harshe ba.

Ina kawo waɗannan ne don ka san girman abin da aka riga aka taka. A 1884 John Henry Holmes na Newcastle a Ingila ya yi takardar mallaka a kan makunni mai tsalle, wanda ke rabuwa farat ɗaya komai sanyin hannun mai kashewa. Elihu Thomson a Amurka shi aka sani da hura harshen wuta da maganaɗisu tun kafin shekara ta 1900. Joseph Slepian na kamfanin Westinghouse ya fito da tsarin jerin faranti a ƙarshen shekarun 1920. A 2012 kamfanin ABB ya sanar da makatsin da ya haɗa ƙarfe da laturoni don manyan layukan miƙaƙƙiyar wuta. Tsakanin waɗannan akwai dubban takardu, kuma har gobe ana ƙarawa, saboda sola da motocin batir sun maido da miƙaƙƙiyar wuta kasuwa.

Sharaɗi uku, da wanda ya fi kayar da mutane

Nijar ba ta ba da takardar mallakar ƙirƙira ita kaɗai. Muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, wadda yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977 ta kafa. An yi wa yarjejeniyar gyara a 1999, aka sake yi a Bamako ranar 14 ga Disamba 2015. Ƙasashe 17 ne a ciki, daga Muritaniya da Senegal har Kwango da tsibiran Komoro, kuma takarda ɗaya ta isar maka a dukkansu. Ita ce wadda a ofis suke kira birebe, tana da rai na shekara 20 daga ranar da ka ajiye buƙata.

Abu uku ake nema. Ƙirar ta zama sabuwa. Ta zama ba abin da duk gwanin sana'ar zai hango da sauƙi ba. Sannan a iya ƙera ta a yi aiki da ita. Na ukun ba ya ba mu wahala, makunni kaya ne na hannu. Ka dai sani cewa ba a mallakar dokar halitta: cewa maganaɗisu yana ture wutar da ke gudu a gefensa ilimi ne na kowa, ba a yi masa takarda.

Na farkon shi ne mutane ba sa fahimta. Sabuwa a nan ba tana nufin ba a taɓa ganinta a Maraɗi ko a Nijar ba. Tana nufin ba a taɓa bayyana ta ga jama'a ba a ko'ina a duniya, da kowane harshe, a rubuce ko da baki ko ta hanyar sayarwa, kafin ranar da ka ajiye. Wata takarda da aka buga da Japananci shekara arba'in da suka wuce, wadda ba wanda ya taɓa karantawa a garin nan, ta isa ta kashe taka. Abin da ya fi ciwo, kai kanka kana iya kashe ta. Bidiyon da ka ɗauka ka watsa a WhatsApp ko TikTok kana nuna cikin akwatin, bayyanawa ce. Guda biyar da ka sayar a babbar kasuwa bayyanawa ce. Kundin kammala karatu da ɗalibi ya kare a gaban jama'a a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo aka ajiye shi a ɗakin karatu, shi ma haka. Yarjejeniyar ta yi afuwar wata 12 a hali biyu kacal: idan wani ne ya ci amanarka ya fallasa, ko kuma ka nuna ƙirar a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Kada ka jingina da wannan. Ka kama bakinka tukuna. Wanda ya zama dole ya gani, kamar mai juya maka ƙarfe ko malamin da zai auna maka, ya sa hannu a takardar riƙe sirri mai kwanan wata. Na san a wajenmu neman sa hannun babba yana da nauyi, amma ka yi masa bayani da ladabi cewa ofis ne ke nema, ba rashin yarda ba ne. Kuma wanda ya riga ajiyewa shi ke da haƙƙi, ba wanda ya riga tunani ba.

Na biyun shi ne inda makunni ya fi faɗuwa. Mai bincike zai ɗauki takarda mafi kusa da taka, ya ga bambancin, ya tambayi kansa: gwanin da ya san duk abin da aka rubuta, idan aka ba shi wannan matsala, zai isa nan ba tare da wata hikima ba? Ƙara faranti daga takwas zuwa goma sha biyu ba hikima ba ce, lissafi ne. Sauya ƙaramin maganaɗisu da babba haka. Ɗauko maganaɗisu daga wata takarda da faranti daga wata ka haɗa, kowanne yana yin aikin da aka san shi da shi, shi ma ba ya wucewa. Abin da ke wucewa shi ne haɗin da ya haifi sakamakon da ba a zata ba, ko wanda ya warware abin da ya daɗe yana gagara.

To ina abin da ke gagara yake? A nan ya kamata ka daɗe. Maganaɗisu na dindindin gefe ɗaya yake tura harshe. Idan aka juya waya, ko wutar ta juya da kanta kamar yadda take yi tsakanin batir mai caji da mai saukewa, sai ya tura harshen baya, cikin injin makunnin, ya ƙone shi. Shi ya sa ake buga alamar ƙari da ragi a jikin wasu makatsai. Wanda kuma yake amfani da naɗin waya a madadin maganaɗisu ya tsira daga wannan, amma ya faɗa wata: idan ampa ya yi ƙasa, turawar ba ta da ƙarfi, harshen ya tsaya a bakin yana ci bai shiga faranti ba. Mutane suna mamaki idan na ce ƙaramar wuta tana iya fin babba wuyar kashewa, alhali sananniyar matsala ce. Sai zafi. Maganaɗisun niyodimiyom na gama-gari yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 80, kuma wanda ya rasa ba ya dawowa. Akwatin ƙarfe da ke manne a bangon yamma a watan Afrilu, ga rana ga zafin bakunan kansu, bai yi nisa da wannan ba. Sai ƙura. Makatsi yana buƙatar ƙofar da iska mai zafi za ta fita, kuma ta wannan ƙofa ƙurar hunturu take shiga ta kwanta tsakanin faranti, damina ta zo ta jiƙa ta. Waɗannan biyun na ƙarshe mu muke rayuwa da su kullum, kuma a ganina nan ne ɗan Maraɗi ya fi samun abin faɗa.

Wani yaro da ya yi koyo a hannuna ya kawo nasa a cikin kwalin sabulu. Ya ciro zoben maganaɗisu daga tsohuwar lasifika, ya yanka farantan daga bakin gwangwani da almakashi, ya jera su a tsagin wani ɓallen tayil. Aikin hannu mai tsabta. Duk bayaninsa a kan maganaɗisun yake. Ni kuwa abin da ya tsayar da ni shi ne bayan farantan: ya lanƙwasa wutsiyar kowanne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ta yadda iskar da ke fita sai ta yi kwana biyu kafin ta kai waje, ƙura kuma ba ta da miƙaƙƙiyar hanyar shiga. Ya ce ya yi haka ne kawai don kada yatsa ya shiga. Na ce masa, "Ɗana, manta da lasifikar. Wannan lanƙwasar ita za mu bincika." Ban ce masa sabuwa ba ce, domin ba a faɗin haka sai bayan bincike.

Binciken kyauta ne, wayarka da intanet sun isa. Akwai Espacenet na ofishin Turai, da Patentscope na hukumar WIPO ta Janeba, da Google Patents. Kada ka dogara da kalmomi kaɗai, kowa da sunan da yake ba abu. Yi amfani da lambobin rabe-rabe na duniya. Makunnai duka suna ƙarƙashin H01H. Kashe harshen wuta yana H01H 9/30. Faranti da shingaye suna 9/34, na ƙarfe 9/36. Bakuna da yawa a jere 9/40, hurawa da maganaɗisu 9/44, ƙahonin da harshe ke bi 9/46, haɗi da laturoni 9/54. Na manyan layuka yana H01H 33/59, na ƙananan makatsai kuma H01H 73/18. Ka sa lambar, ka ƙara kalma ɗaya ko biyu kamar courant continu ko soufflage magnétique. Fara da zane, ko takardar Sinanci ce zane ba ya buƙatar tafinta. Wadda ta yi kama da taka sai ka sa a fassara maka, ka karanta sashen da'awa a tsanake. Ka fitar da biyar ko shida mafi kusa, ka rubuta a littafi: wannan tana da kaza, tawa tana da kaza, bambancin yana haifar da kaza. Idan layin ƙarshe ya ƙi rubutuwa, ba ka da abin ajiyewa tukuna.

Ko ka tarar an riga ka, ba ka yi asara ba. Takardar mallaka a ƙasar da aka yi ta kawai take aiki. Wadda aka yi a Sin ko Jamus ba a kawo ta OAPI ba, ta hana ka mallaka, amma ba ta hana ka ƙerawa da sayarwa a Maraɗi ba. Wadda ta cika shekara 20 ko aka daina biya mata kuɗin shekara ta zama ta kowa, da zanenta da ma'auninta. Ka dai yi hattara da sababbi, domin wanda ya bi ta yarjejeniyar PCT, mai ba da damar ajiye buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, yana da wata 30 kafin ya zaɓi ƙasashen da zai shiga.

Auna, sannan ka rubuta

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai bincike ya fi yarda da lamba a kan rantsuwa. Ƙera biyu, ɗaya da dabararka ɗaya babu ita, komai nasu iri ɗaya. Jerin pano da tsakar rana ya fi batir dacewa da gwaji, domin ampansa yana da iyaka, batir kuwa idan ya haɗe yana iya zubo dubbai. Sa fis na miƙaƙƙiyar wuta da wani makatsi ingantacce a gaba. Makunnin gwaji ya zauna cikin akwatin ƙarfe a fili, ka ja shi da igiya daga nesa, tabarau na walda a ido, bokitin busasshen rairayi a kusa. Ba ruwa, ba yara a wurin. Abin da kake aunawa shi ne tsawon lokacin da harshen ya rayu. Injin osilosko ne ya dace, ka nemi alfarma a jami'a ko makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa. Idan bai samu ba, wayar da ke ɗaukar hoto 240 a daƙiƙa tana ba ka kusan kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowane hoto, ka ƙirga hotunan da haske ya bayyana ta ƙaramar tagar gilashi. Gwada da waya daidai, gwada da ita a juye. Gwada da ampa mai yawa da ɗan kaɗan. Gwada bayan akwatin ya sha rana, gwada bayan ka busa masa ƙura. Gwada da kaya mai naɗin waya irin famfo, domin naɗi yana ajiye ƙarfi ya sako shi cikin harshen a lokacin yankewa. Kowane gwaji ya shiga littafi da kwanan wata.

Buƙatar da za ka ajiye, da Faransanci ko Ingilishi ake rubuta ta. Tana ɗauke da takardar nema, da bayani, da da'awa, da zane, da taƙaitawa, da shaidar biyan kuɗi. Bayanin dole ya isa gwani ya ƙera abin ba tare da ya zo ya tambaye ka ba. A nan ne mutanenmu suke son ɓoye sirri, su bar tazarar faranti ko irin ƙarfen a ciki. Kada ka yi. Cinikin ke nan: ka faɗa wa duniya yadda ake yi, hukuma ta ba ka shekarun da kai kaɗai za ka ci. Bayanin da bai cika ba dalili ne na soke takarda a kotu, kuma bayan ka ajiye ba a ƙara sabon abu. Duk wani salo da kake hasashe, faranti mai lanƙwasa biyu ko uku, ƙarfe ko mai rufin jan ƙarfe, sa shi tun yanzu.

Da'awa ita ce iyakar gonarka. Ka faɗaɗa ta ka shiga gonar wani a tumɓuke shingen, ka matse ta maƙwabci ya yi shuka dab da kai ba ka da ta cewa. Wanda ya rubuta "makunni mai maganaɗisu da faranti don kashe harshen wuta" ya yi da'awar abin da aka sani tun zamanin Slepian. Wanda kuma ya rubuta "faranti tara na milimita ɗaya a kan tayil" ya ba mai kwaikwayo hanya, ya sa goma ya wuce. Ta yaron nan, in bincike ya wanke ta, kamar haka za ta kasance: makunnin miƙaƙƙiyar wuta mai baki tsayayye da baki mai motsi da jerin farantan ƙarfe, wanda ya bambanta da cewa wutsiyar kowane faranti an lanƙwasa ta saɓanin ta maƙwabcinsa, har wutsiyoyin su kansu suka zama hanyar fitar iska mai aƙalla kwana biyu. Rabin farko abin da aka sani ne, rabin biyu shi ne nasa. Daga nan ƙananan da'awoyi su biyo, kowace tana ƙara abu ɗaya: kusurwar lanƙwasar, tazarar, inda maganaɗisu ya zauna nesa da zafi. Idan babbar ta faɗi, ƙanana su tsaya. Wannan sashe ne kaɗai zan ce in da hali ka biya wakili mai lasisin OAPI ya duba maka, domin kalma ɗaya tana sauya komai.

Mazaunin Nijar yana iya ajiyewa ta ofishin da ke wakiltar OAPI a ƙasa, wato hukumar AN2PI a Yamai. Su za ka tambaya kuɗin da ake biya a yanzu, ka kuma tambaye su ko akwai rangwame ga mai ƙirƙira ɗan ƙasa da ke tsaye da ƙafarsa. Karɓi rasit mai kwanan wata da lamba, ka adana shi, domin daga wannan rana bakinka ya buɗe, kana iya nunawa da sayarwa. A da OAPI ba ta tsananta binciken sabunta kafin ta ba da takarda, sai an je kotu ake gane mai rauni. Gyaran Bamako ya kawo binciken ƙwaƙƙwafi da damar wani ya yi suka bayan an buga buƙatarka. Ni ina ganin alheri ne, takardar da ta tsallake wannan ta fi daraja a idon mai zuba jari.

Yanzu ga shawarar da na fi ba matasa. Akwai ƙaramar takarda da ake kira modèle d'utilité, an yi ta ne don kayan aiki da aka sauya musu siffa ko tsari har suka fi amfani. Shekara 10 take yi, kuɗinta ya fi sauƙi, kuma ba a tsaurara mata sharaɗin hikima kamar babbar. Yawancin gyare-gyaren makunni da nake gani nan ne gidansu: mazaunin maganaɗisu, hanyar iska, siffar ƙaho. Sabunta dai tana nan, don haka kama baki da bincike ba su sauka ba. Idan kuwa abin da ya bambanta naka kyan akwatin ne kawai, wannan rajistar zane ce, shekara 5 da ake sabuntawa har 15, ba ta kare abin da ke ciki. Wani abu kuma da ake mantawa: idan a bakin aikin da aka ɗauke ka ka yi ƙirar, da kayan maigidanka da lokacinsa, yana da haƙƙi a ciki, wani lokaci ma shi ke da ita. Ku zauna ku rubuta tun kafin kuɗi ya shigo tsakani.

Kada kuma ka ɗauka takardar mallaka shaidar inganci ce. Mai bincike a Yawunde ba zai kunna makunninka ba. Abin da ke nuna makunni ba zai ƙone gidan mutane ba shi ne gwajin ƙa'idojin IEC, hukumar ma'aunin kayan lantarki ta duniya, 60947-3 ga makunni mai raba layi, 60947-2 ga makatsi, kuma a ɗakin gwaji ake yin su. Ostareliya ta taɓa wajabta makunnin sola a kan rufi, sai ga shi ya zama sanadin gobara da yawa saboda ruwa da rana da rashin inganci, aka janye wasu samfura daga kasuwa, a 2021 aka sassauta dokar. Ƙasa ce mai ɗakunan gwaji. Don Allah kada ka manna abin da ba a gwada ba a ɗakin da mutane ke kwana.

Saura maganar da ta fi shafar ɗan Maraɗi. Kasuwarmu ta gaske tana kudu, ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, kuma Najeriya ba ta cikin OAPI. Takardarka ta Yawunde tana aiki a Kwatano da Njamena, amma ba ta tsallake Jibiya. Idan wani a Sabon Gari ta Kano ya buɗe naka ya kwaikwaya, ba ka da abin riƙewa sai in ka ajiye a can ma, a ofishin rajista na Abuja, ƙarƙashin dokarsu ta 1970. Yarjejeniyar Paris ta 1883, wadda ƙasashen biyu suke ciki, ta ba ka wata 12 daga ranar ajiyarka ta farko ka je ka ajiye a wata ƙasa, a lissafa maka da ranar farkon. Ka yi amfani da watannin nan ka sayar, ka ga ko kayan yana tafiya. In yana tafiya, nemi wakili a Najeriya tun watan takwas ko tara, domin sai an mayar da bayanin Ingilishi an kuma nemo kwafin ajiyarka mai hatimi daga OAPI. Sannan ka rubuta ranar ajiyar kowane ɓangare a bangon shago, domin kowace shekara a ranar ajiyarsa kuɗin riƙe takarda yake cika, kuma bayan afuwar wata 6 mai tara, wadda ba a biya mata ba ta faɗi.